Allurar Ranar Lahadi

Kowace Lahadi in an taso daga coci, Verlene kan zauna a kujerar kicin, ko hula ba ta cire ba, ta ɗaga gefen riga, ɗanta ya yi mata allurar ciwon sukari a fatar ciki. Sunansa Dontavius, amma tun yana rarrafe Tay ake kiransa. Da can ita ke yi wa kanta. To, shekara talatin da huɗu tana riƙe da wuƙa a kamfanin feɗe tarwaɗa da ke bakin Kogin Yazoo, yatsu sun kanannaɗe, ido kuma ya fara hazo, sai aikin ya koma hannun Tay. Shi ke karɓo mata maganin a tagar kemis farkon kowane wata, shi ke ajiye shi a ƙofar firij, wajen da ake sa man shanu. Matan coci har misali suke yi da shi in suna yi wa nasu 'ya'yan faɗa.

Maganin a cikin wani abu mai kama da biro yake zuwa, biro ma kowa ke ce masa. Inshorar wurin aikinta ke biya ba gardama, tunda likita ya rubuta ciwon sukari.

Abin da ya kawo tsiya shi ne, wannan maganin dai shi ne ake rage ƙiba da shi. Tay direban tirela ne, ƙato, in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Tasa inshorar ta ce masa ita sukari ta sani, ƙiba ba ruwanta, ko sisi ba za ta biya ba. Sai ya koma ga haɗin kemis, wanda wasu masu kemis ke haɗawa da kansu su sayar a 'yar ƙaramar kwalba, ruwa ja-ja saboda wani bitamin da suke zubawa a ciki. Dala ɗari uku a wata, daga aljihunsa. Ya yi wata bakwai yana yi, ya sauke laba hamsin, har ya sake bel. Kwatsam masu kemis suka turo saƙo wai kuɗi ya ninka. Ya daina. Kafin sanyi ya wuce naman ya dawo, har da ƙari. Likitan da ke duba direbobi ya auna jininsa, ya zagaya wuyansa da tef, ya miƙa masa katin lafiya na wata uku kacal. Ya ce ya dawo ƙarshen Yuni. In jini bai sauka ba, nauyi bai ragu ba, ba kati. In ba kati kuwa, ba tuƙi.

Lahadin da ta biyo baya, Verlene ta ɗaga riga kamar kullum, sai ta ga kwalba da sirinji a hannunsa maimakon biro.

"Inshorarki ta canza miki, Mama," ya ce, idonsa a kan sirinjin. "Wai biro ya yi musu tsada. Irin nawa ne na da, aikinsu ɗaya."

Ba ta yi musu ba. Waye bai san halin inshora ba? Ta yi tsaki ta ce mutanen nan wata rana iskar da ake shaƙa ma sai sun canza mata kamfani. Ya yi dariya, ya soka mata. Ta ji zafi ya fi na da, amma ta ɗauka allurar ce ta fi kauri.

Mako ɗaya, biyu, ƙishirwa ta sa ta gaba. Tana tsaye a layin feɗa, kifi na zuwa a kan bel ɗin inji ba ƙaƙƙautawa, ita kuwa fitsari ya matse ta, sai ta ɗaga hannu sau uku kafin hutun rana, har mai kula da layi ya fara duba agogo in ya gan ta. Da safe in ta huda yatsa ta ɗiga jini a 'yar na'urar awon sukari, lambar ta wuce ta jiya. Wuraren da ake soka mata allura suka yi ƙuraje masu tauri da zafi. Sannan takalmin roba na aiki ya goge mata gefen ƙafar hagu, ƙasan ƙaramin yatsa. Ɗan abu ne kamar ƙwayar wake. Ta sa filasta. Bai bushe ba. Likita ya sha gaya mata, mai sukari ƙafarsa ce ransa, ta kula da ita kamar jariri. Ta faɗa wa Tay sabon maganin nan kamar bai karɓe ta ba. Ya ce jiki ne bai saba ba, ta ba shi lokaci.

Ranar Asabar jajibirin Ista ta tashi haɗa jan kek ɗin da take kai wa coci kowace shekara, wanda ita ba ta ci, sai dai ta tsaya tana kallon ana rububinsa. Ta miƙa hannu bayan gwangwanin fulawa ta ɗauko kwalbar jar kala. Ita dai ta san kullum goge ta take yi ta ƙulle a leda. Sai ta tarar ledar a kwance, kala ta ɗiga ta bushe a kan katako. Ta ɗauka aikin Lakeitha ne, matar Tay, wadda ba ta taɓa mayar da abu inda ta gan shi ba. Ta goge, ta ci gaba da aikinta.

Kashegari da suka dawo daga coci, ta zauna, ta ɗaga riga. Tay ya durƙusa yana zuƙo jan ruwan cikin sirinji. Hasken taga ya faɗa kan hannunsa. Ƙarƙashin farcen babban yatsansa ja ne. Ta kalli nata yatsan da ta haɗa kek da shi jiya. Ja iri ɗaya. Shekara arba'in ta san wannan jan, ta san sai ya yi kwana goma kafin ya bar farce.

Ta saki rigar a hankali.

"Tay, kek ka taya ni haɗawa ban sani ba?"

Ya ce maganin ne ya zubo masa. Ta ce wata bakwai yana yi wa kansa allura a gabanta, ba ta taɓa ganin ya kama masa farce ba. Ya ce ta daina neman magana, ta ɗaga riga, yana da hanya gobe da sassafe.

"Dontavius. Ina birona?"

Ya ci gaba da cika sirinjin. Ta dafa tebur ta miƙe, ta nufi 'yar kular da yake zuba abincin hanya, wadda kwanan nan ba ya bari kowa ya taɓa. Hannunta bai kai ga murfin ba ya damƙo wuyan rigarta ta baya. Hular Ista ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya wurga ta jikin firij, kafaɗarta ta daki hannun ƙofar, hotunan da ke manne suka zubo, har da nasa na gama firamare. Ta buɗe baki za ta yi magana ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, leɓenta ya fashe a kan haƙori. Ya ja ta ya maka ta a kujera, ya danne cinyarta da gwiwa, ya ƙwala wa Lakeitha kira. Lakeitha ta shigo da takalmin coci a hannu. Ta tsaya daƙiƙa ɗaya. Sai ta ajiye takalmin ta riƙe wa surukarta hannuwa ta bayan kujera.

"Magani ne," Tay ya ce yana huci. "Na ce miki magani ne."

Ya caka mata allurar ta cikin riga, da ƙarfin da ya sa ta lanƙwashe a cikin nama. Da ya zare, jini da jan ruwan suka haɗu a kan farin yadi, ba ka bambance su. Verlene ta ce masa in magani ne ya ɗauko na'urar awo su gani. Ya ɗauko kuwa. Ya ajiye ta a ƙasa ya taka da dunduniya har sau uku, ya fita ya buga ƙofa.

Lakeitha ce ta ciro ledar ƙanƙararren wake daga firij ta ɗora mata a baki. Tana riƙe da ledar tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro. Wai Tay ba mugu ba ne, matsuwa ce. Wai zuwa ƙarshen Yuni ne kawai. Wai ai Mis Verlene tana da ƙwayoyin da take sha safe da yamma, su za su riƙe ta, shi kuwa ba shi da komai. Wai in tirela ta tsaya, su duka ukun me za su ci? Ta ce laifin inshora ne, su suka ce wannan ciwo ne wancan ba ciwo ba, alhali magani ɗaya ne, gida ɗaya, jini ɗaya.

"Kuma Mis Verlene, ki yi tunani kafin ki kai maganar nan waje. Mutum ya yi amfani da maganin wani, babban laifi ne. Kin san abin da ake yi wa namiji baƙar fata a gidan yarin jihar nan. Ɗa ɗaya gare ki."

Wannan maganar ce ta ɗaure ta, ba hannun Lakeitha ba.

Abin da Verlene ta kasa ganewa shi ne, bayan asiri ya tonu, bai daina ba. Ta ɗauka zai bar ta haka, ba biro ba kwalba. Ina. Lahadi na zagayowa sai ga shi da sirinji, ruwan famfo da ɗigon kalar kek. Ta ce masa ya bari, ai ta sani, me ya rage? Ya murɗe mata hannu har ta ji ƙashi ya yi ƙara, Lakeitha ta riƙe ɗayan. Daga baya ta fahimta. Muddin yana soka mata wani abu ranar Lahadi, to a ransa bai hana mahaifiyarsa magani ba. Kansa yake yi wa allurar, fatarta kawai yake ara. Daga nan ta daina kokawa. Tana dawowa daga coci sai ta zauna ta ɗaga riga ta kalli bango.

Shi kuwa yana ta zubewa. Wando ya fara yi masa yawa. A harabar coci mata suka kewaye shi suna tambayar sirrin, ya ce addu'a ce da barin soyayyar kaza. Verlene ta tsaya bayan an watse ta ce wa fasto tana da magana, gida ba lafiya, Tay ya canza. Fasto ya riƙe hannunta biyu ya ce samari irin Tay ba su da yawa a wannan zamani, yaron da ke yi wa uwarsa allura da hannunsa. Ya ce kowane gida da 'yan hayaniyarsa, ta bar wa Ubangiji. Ya yi mata addu'a mai tsawo. Da za ta tafi ya ce ta tambayar masa Tay, da gaske barin kaza ne kawai?

Ƙafar ta tashi daga ƙwayar wake ta koma faɗin murfin kwalba. Bakin ciwon ya yi fari, tsakiyarsa ya zurma. Da safe sai ta naɗe shi da bandeji, ta sa ledar burodi a kai, ta cusa cikin takalmin roba, ta tsaya awa takwas a kan siminti mai ruwan ƙanƙara da majinar kifi. Ba ta jin zafi sosai, shi ne ma ya fi ba ta tsoro.

Ozella ce ta gano. Ita ce ke tsaye kusa da ita a layi tun suna 'yan mata, siririya mai baki. A ɗakin canza kaya ta shaƙi iska ta ce, "Yarinya, shekara talatin ina shaƙar warin tarwaɗa, wannan ba ita ba ce. Cire takalmin nan." Da ta gani ba ta ƙara wasa ba. Ta sa ta a mota ta kai ta asibitin shan magani.

Likitan ya wanke ciwon, ya auna jini, ya daɗe yana kallon kwamfuta. Ya ce ga shi nan a rubuce, duk wata ana karɓar bironta ba fashi, to me ya sa sukari ya hau haka? Ya kalle ta ta saman tabarau ya tambaya ko har yanzu ita ke haɗa wa coci kek. Ozella ta ce sarauniyar kek ce ma. Ya girgiza kai ya ce ai shi ke nan, magani ba ya aiki in baki bai taimaka ba. Ya yi mata faɗa kamar 'yar yarinya. Maganar ta zo wa Verlene har maƙogwaro. A cikin jakar cocinta, ƙarƙashin hankici, akwai kwalba ɗaya ta jan ruwan da ta tsinto a kwandon shara, da saura a gindinta. Ta sa hannu ta taɓa ta. Sai ta tuna ƙofar ƙarfe da kayan fursuna, ta zare hannun. Ta ce, "To, likita. Zan kiyaye."

Ya ce tunda wannan awon bai ishe ta ba, zai ƙara mata ƙarfin biron. Inshora ta amince cikin kwana biyu. Ranar da Tay ya ji labari, har kifi ya soyo mata da burodin masara, ya kawo mata ɗaki da kansa. Ya tsaya yana murmushi ya ce, "Kin ga, Mama? Komai zai daidaita."

Ran ɗaya ga Yuni ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Tay yana kan hanyar dawowa daga birnin Memphis. A hutun rana ta roƙi Ozella ta kai ta kemis, ba ta faɗa mata dalili ba. Ta miƙa katinta ta taga ta karɓi biron da hannunta. Ya yi sanyi a tafinta. Yatsunta suka kasa murɗa shi a cikin mota, ga shi lokaci ya ƙure, ta ce bari in ta koma gida ta zauna ta yi a natse. A gida ta tarar Lakeitha na kicin tana waya. Sai ta cusa shi cikin gwangwanin fulawa, ta jira Lakeitha ta fita.

Ba ta fita ba har Tay ya iso, wajen ƙarfe biyar, rana na nan da ƙarfinta. Ya riga ya biya ta kemis, an ce masa mai shi ta karɓa. Bai yi sallama ba. Ya zazzage jakar aikinta a ƙasa, ya buɗe firij ya watso komai, ƙwai suka fashe, madara ta malale. Ya shiga ɗakinta ya kifar da katifa, ya zaro aljihunan tebur yana jifa da su. Verlene na zaune a kujerar kicin, ƙafar ciwo a miƙe a kan wata 'yar kujera. Ya dawo ya tsaya a kanta. Ya ce saura kwana ashirin da shida ya je gaban likita, tana so ta kashe shi ne? Ta ce masa tana so ta tsira da ƙafarta ne, ɗaya kawai ya bar mata, na wannan watan.

Ya sa ƙafa ya shure 'yar kujerar. Ƙafarta ta faɗo ƙasa. Ya ɗora takalminsa na aiki, mai ƙarfe a goshi, a kan bandejin.

"Ina yake?"

Ta kau da kai. Ya saki nauyinsa kaɗan. Ta ji wani abu ya fashe a ciki, ɗumi ya cika bandejin. Zafin da ta daɗe ba ta ji ba ya zo gaba ɗaya, ya hau har ƙwaƙwalwa. Ta riƙe gefen tebur.

"Tay, ni ce fa. Mamanka ce."

"Na sani. Ina yake?"

Ya murza dunduniya kamar mai kashe guntun sigari. Ihun da ta yi sai da karen maƙwabta ya amsa. Lakeitha na tsaye a bakin ƙofa hannu a baki, tana cewa Mis Verlene ki faɗa masa mana, ke kike ja wa kanki. A murzawa ta uku Verlene ta nuna gwangwanin fulawa da haɓa. Ya ɗage ƙafa, ya tura hannu ya zaro biron, ya hure fulawar da ke jikinsa a hankali, ya duba ko ya lalace. Sawun takalminsa ya bi siminti ja-ja har ƙofa.

Can anjima ya dawo yana kuka. Ya durƙusa ya ce shaiɗan ne, ya ce ita ta tunzura shi, ya ce da zarar ya karɓi kati zai saya mata biro goma da kuɗinsa. Shi ya sake mata bandeji. Lahadi kuma ya zo da sirinji.

Ƙaramin yatsan ya yi shuɗi, sannan ya yi baƙi. Na kusa da shi ya bi. Ta yanka gefen takalmin roba don ƙafar ta shiga. Zazzaɓi ya fara kama ta da yamma. Ozella ta ce su koma asibiti, ta ce bari wata ya ƙare. Kullum da safe takan kalli kalandar da ke bango, ba don kanta ba, don ranar Tay. Ta sa a ranta in ta kai ranar, shi ke nan, an gama.

Saura kwana uku ta faɗi a layi. Wuƙa na hannunta, kifi na wucewa, sai ta ga fitilu sun haɗe wuri ɗaya. Ozella ta ce ƙarar kanta a siminti har ƙarshen layi an ji. Da ta farka tana babban asibiti, wata likita mace, matashiya mai sanyin murya, na gaya mata ruɓar ta wuce idon sawu ta shiga jini. Ko ƙafa, ko rai. Verlene ta sa hannu a takarda da yatsun da ba sa miƙewa. Suka yanke ƙasan gwiwa.

Inshorar da ta ƙi biyan maganin Tay, ta biya kuɗin yanke ƙafa ba tare da ta tambayi komai ba.

Ranar Lahadi bayan coci suka zo, shi da Lakeitha, da furanni a leda. Ya sa sabuwar riga shuɗiya, ta zauna masa ɗas. Wata nas a hanya har ta ce masa ba za a ce ɗan Mis Verlene ba ne, sai ka ce ƙanenta ɗan ƙwallo. Ya sumbaci goshin mahaifiyarsa, yana kauce wa kallon inda bargo ya lotsa. Ya zaro kati daga aljihu ya riƙe mata kusa da ido.

"Na shekara guda, Mama. Na ci. Jini ya sauka, komai ya sauka."

Lakeitha ta ce an ga ikon Ubangiji. Ta gyara furanni, ta gyara murya, sannan ta tambayi abin da ya kawo ta. Wai kamfani sun ce wani abu? Tunda aikin na tsayuwa ne, in suka sallame ta inshorar za ta ci gaba kuwa? Don likitan Tay ya ce in ya daina maganin nauyin zai dawo.

Verlene ta kalle ta. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Laba nawa ka sauke?"

"Ashirin da shida."

"Na tambayi nas nauyin abin da suka cire mini. Ta ce zai kai laba takwas. Ka haɗa da naka, Tay. Ai kai ka sauke ta."

Ya buɗe baki, sai ga likitar ta shigo da takardu a hannu. Ta gaishe su, ta duba ɗaurin, ta ja kujera ta zauna. Ta ce akwai abin da ya hana ta sukuni. Ta ga ƙuraje a cikin Mis Verlene, sun fi goma, irin waɗanda biro ba ya yi. Kuma ƙasusuwan ƙafar da aka cire, biyu a karye suke, sukari kuwa ba ya karya ƙashi. Ta ce in ana so baƙi su fita su yi magana su biyu.

Tay ya riga mahaifiyarsa amsawa. Ya ce Mama ba ta gani sosai, faɗuwa take yi, shi ke kula da ita, kowa a coci shaida ne. Lakeitha ta ce ga son zaƙi, a ɓoye take ci.

"Bar su su zauna, likita," Verlene ta ce. "Miƙo mini jakata."

Jakar coci ce, Ozella ta kawo mata ita tun jiya. Ta daɗe tana fama da zif ɗin, ba wanda ya taya ta. Ta ɗaga hankici ta ciro 'yar kwalbar ta ajiye a kan teburin abinci, kusa da furanni. Sauran jan ruwan ya kaɗa ya kwanta.

"Wannan ake yi mini tun watan Afirilu. Ki kai a duba. Ruwan famfo ne da kalar kek ɗina."

"Mama," Tay ya ce, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. "Mama, ɗaure ni za su yi."

Wata uku wannan maganar na riƙe da bakinta. Ta saurare ta yanzu, ta jira ta ji tsoron nan ya taso kamar kullum. Abin da ta ji kawai shi ne ƙaiƙayi a ƙaramin yatsan ƙafar hagu, wanda babu shi.

Ta miƙa hannu ta kamo nasa, irin riƙon da take yi masa da can in za su tsallake titi. Bai fizge ba. Ta juya hannun, ta ɗaga babban yatsan zuwa hasken taga, inda likita za ta gani. Kwana bakwai ke nan da allurar ƙarshe. Jan yana nan ƙarƙashin farce, bai gama fita ba.